Madannin da Ke Hannun Auta

A cikin bangon littafi

Kai da ka buɗe littafin nan ba da izinina ba, ka sani zan gane, domin na san yadda nake ajiye kayana. In 'yata ce ko surukata, tunda kin riga kin yi rashin ta-idon, ki karanta, amma kada ki zo mini da jajayen idanu kina neman mu zauna mu yi magana. In kuwa wani ne da jinya ta hau kansa, an jona wa nasa na'urar maganin ciwo an bar shi zaune a gefen gado, to ya karanta har ƙarshe, kada ya tsaya a makon farko ya ce ya samu darasi. Ni ba na goge abin da na rubuta. Abin da na ɗauka daidai ne ranar Lahadi yana nan yadda na rubuta shi ranar Lahadin.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Jiya da la'asar aka fito da Auta daga ɗakin tiyata. Awa huɗu muna zaune a kan benci, ni da mijinta. Abin da ya kawo mu nan ba zan rubuta shi ba. Wanda ya bayar shi ya karɓa, ita kuma an bar mana ita, shi ke nan. Na dai ce wa mijin ya koma gida ya kwance ƙaramin gadon nan da ya haɗa wancan watan, ya kai shi ɗakin ajiya tun kafin 'yan dubiya su fara zarya.

Ɗakin mata ne, gado shida, da koren labule a tsakani. Namu ne na biyu daga ƙofa. A kan sandar ƙarfe akwai ledar ƙarin ruwa, ƙarƙashinta kuma wani akwati mai ruwan toka, bai fi ƙaramar rediyo ba, da sirinji a kulle a cikinsa. Siririn tiyo ya fito daga akwatin, ya haɗu da na ruwan, ya shiga jijiyar bayan hannunta. Sai wata igiya mai madanni a baki, irin na ƙararrawar ƙofa.

Sista mai kula da ɗakin, wata doguwa mai tabarau, ta yi mana bayani. Ta ce mofin ne. Duk sanda ciwo ya taso Auta ta danna, na'urar za ta tura mata ɗan kaɗan ta jijiya, sannan ta kulle kanta na minti biyar, ko sau goma aka danna ba za ta ƙara ba. Ta ce mara lafiya kaɗai ke dannawa. Sau biyu ta faɗa tana kallona, kamar ni ce zan yi sha'awar taɓa abin.

Na gama sakandare, na san mofin. Gida ɗaya suka fito da ƙwayoyin da suka cinye mini shekara uku na Yayansu, babban ɗana, bayan ya faɗi a babur ya karya ƙafa. Na san yadda ake farawa. Yau shekara huɗu da ya bari, yana aikin waldarsa lafiya lau, amma wancan lokacin ni ce na riƙa tsayawa a ƙofar ɗakinsa, ba wata sista ba. Ba za a maimaita mini ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Suna da wata tambaya da suke yi kowace awa huɗu: daga sifili zuwa goma, ciwon nawa ne? Sista ta tambayi Auta. Auta ta dube ni, ta ce da sauƙi. Sista ta ce lamba take so. Ta sake dubana, ta ce uku.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. 'Ya'ya biyar na raina, ba wanda ya taɓa yi mini birgima a gaban allura. A gidana in ka faɗi ka tashi ka kaɗe jikinka, in an ce yaya jiki ka ce da sauƙi ka gode wa Allah. Yaran yanzu ƙaya ta soke su sai duk unguwa ta ji. Wannan yarinya jiya aka buɗe mata ciki, ga ta nan ko tari ba ta yi ba.

Da Sista ta fita na naɗe igiyar a ƙarfen kan gado, bayan filo. Ban hana ta ba. In tana so ta juya ta ɗauka.

Litinin, bayan azahar

Sau biyu ta danna tun jiya. Na ƙirga, domin na'urar tana ɗan ƙara in an danna.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

A gadon taga akwai wata tsohuwa da aka gyara wa ƙugu. Ita ma an jona mata irin akwatin, tana riƙe da madanninta kamar carbi, bakinta kuwa ba ya hutawa. Tun jiya ta raɗa mini suna Hedimasta. Yau ta ce in bar yarinya ta sha iska, kallon nan da nake mata ya isa ya tsinke ɗinki. Na ce Inna, ki ji da ƙugunki. Ta ɗaga madannin ta ce ƙugun ai ga mai shi nan, ita hutawa ta zo yi. Duk ɗakin aka yi dariya. Ban ga abin dariya ba a tsohuwa mai jikoki tana tallar maganin maye.

Mai gashin ƙashi ta zo, wata 'yar siririya mai saurin magana. Ta ce dole Auta ta zauna, ta rungume filo a ciki, ta ja numfashi har ƙasa ta yi tari, in ba haka ba majina za ta kwanta a huhu. Ta ce ta fara danna maganin minti goma kafin su fara. Auta ta ce ba sai ta danna ba. Aka ɗaga ta, gumi ya keto mata har yana ɗiga daga haɓa, ta ja numfashi rabi ta tsaya. Sau uku ana gwadawa. Tarin bai fito ba.

Sista ta zo ta duba fuskar na'urar, ta nemi igiyar har ta same ta a bayan filo. Ta warware ta, ta sa wa Auta a tafin hannu, ta rufe mata yatsu a kai. Da ta tafi na gyara wa Auta bargo, na ce mata kin dai ga abin da ya faru da yayanki. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ita ta saki madannin da kanta.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Sun cire akwatin. Sun ce tunda ba ta amfani da shi, lambarta kuma ba ta wuce uku ba, farasitamol ya isa. Alhamdu lillahi. Kwana huɗu, ƙasa da rabin sirinji. Wannan ita ce tarbiyya, ba a sayen ta a kemis.

Dangin mijinta sun zo, mata bakwai, suka cika tsakanin gadaje. Kowacce ta ce sannu, kowacce Auta ta ce mata da sauƙi. Wata ta buɗe baki za ta yi wata magana, na dube ta, ta rufe.

Bayan sun tafi na ga gaban rigarta ya jiƙe gida biyu. Na canza mata, na ɗaure mata ƙirji da zane yadda Sista ta nuna. Ta juya fuskarta bango.

Alhamis, da safe

Jikinta da zafi. Sun ce a jira.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

An ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan, yaro ne da bai kai Yayansu ba, ya ɗaga hoton ya nuna mana ƙasan huhun dama ya yi fari. Ya ce wurin ya rufe saboda ba ta jan numfashi sosai, ba ta tari, majina ta kwanta ta ruɓe. Ya ce mutum ba ya ƙin jan numfashi sai in jan yana masa ciwo. Ya sunkuya ya tambaye ta yadda take ji in ta ja. Na ce da sauƙi take ji, ai tun Lahadi uku take cewa.

Ya ce, "Mama, ita nake tambaya."

Auta ta ce da sauƙi.

Ya daɗe yana kallon hannunta. Ni ma na kalla. Ta damƙe zanin gadon har yatsun sun yi fari. Tun tana ƙarama haka take riƙe abu, ba wani sabon abu ba ne.

Ya buɗe ɗinkin ya ce gefe ɗaya yana ruwa, bai ji daɗin warinsa ba. An sa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin ruwan. Karatu daban, ladabi daban. A gaban 'yata ya katse ni.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Zazzaɓi bai sauka ba. Ta ƙi shayi.

Lahadi ta biyu, ƙarfe biyar na yamma

Yayansu ya zo da fulas da lemo. Ya zauna kusa da ita ya yi ta ba ta labarin wani da ya kawo masa ƙofa a walda ta ƙi shiga gidan, don ya auna da igiyar wando. Ta so ta yi dariya, ta riƙe ciki, dariyar ta koma. Ya daina labarin. Ya dubi sandar ƙarfen ya ce ina maganin ciwonta, mijinta ya ce masa an jona mata na'ura. Na ce an cire tun Laraba, ba ta bukata, kuma ni na tsaya a kai. Na ɗauka shi ne mutum na farko da zai ce na kyauta.

Ya ce in raka shi waje. Muka tsaya a bakin matakala, inda masu shara ke jingine bokitai. Ya yi ta juya makullin babur a hannu kafin ya yi magana.

Ya ce, "Mama, kin san ranar da na fara saye? Ranar da aka sallamo ni. Kika ce yaya ƙafar, na ce da sauƙi, kika ce haka ake son namiji. Ƙafar nan kuwa kamar ana yanka ta da zarto. Da na iya gaya miki, da kin mayar da ni wurin likita ya auna mini, ya kuma san ranar da zai tsayar. Ban iya gaya miki ba. Sai na gaya wa mai kemis, shi kuwa ba ya auna wa kowa."

Na ce ya iya bakinsa, asibiti muke. Ya ce ya iya shekara bakwai. Ya ce Auta ba uku take ji ba, shi ya san wannan riƙon zanin. Ya durƙusa ya ce in yafe masa, ya tafi.

Bai kamata ɗa ya faɗa wa uwarsa irin wannan magana ba, ko da a gida ne. Wannan ba na shakka a kai.

Lahadi ta biyu, bayan magariba

Ban ci abinci ba. Ba don maganarsa ba, mai ne ya yi yawa.

Litinin ta biyu, ƙarfe uku na rana

Da safe aka mayar da ita ɗakin tiyata, aka buɗe gefen ɗinkin aka wanke ciki. Awa ɗaya da rabi. Ta dawo da akwatin mai ruwan toka a kan sandarta.

Ban jira Sista ba. Ni na warware igiyar na sa mata a hannu, na ce danna. Ta dube ni kamar jarrabawa nake mata. Na ce ba ki ji ba ne, na ce ki danna. Ta danna.

Da Sista ta zo da tambayarta, Auta ta fara juyo da ido wajena, sai na tashi na shiga gyaran loka na ba su baya. Na ji ta ce takwas. Muryar ƙasa-ƙasa, amma na ji. Takwas. Na yi ta jera kofuna biyu da cokali ɗaya kamar suna da yawa.

Kafin rabin awa goshinta ya saki. Mai gashin ƙashi ta zo, Auta ta rungume filo ta yi tari, abin da ya fito ba zan kwatanta shi a littafi ba. Mai gashin ƙashin ta tafa mata kamar ta ci gasa.

Talata ta biyu, ƙarfe goma na safe

Zazzaɓi ya sauka. Ta sha kofin shayi da rabi. Ta ce biyar, daga baya ta ce huɗu, kuma da bakinta ta faɗa, ba tare da ta nemi fuskata ba.

Tsohuwar taga, wadda aka cire wa nata akwatin tuni, ta ce Hedimasta ta sauya sheƙa, yanzu ita ce sarkin yaƙin na'ura. Na ce Inna, mai hankali in ya ga hujja yana karɓa, ba kamar wasu da suke karɓa tun ba su ga hujjar ba. Ta ce ita hujjarta a ƙugu take.

Yanzu na fahimci abin nan sarai. Magani a hannun likita, da awo, da lokaci, daban yake da ƙwaya a aljihu. Na lura akwai 'yar fitila koriya a jikin madannin, in minti biyar ɗin sun cika sai ta kama. Auta takan bari ciwon ya yi nisa kafin ta danna, tsohon hali. Ina tuna mata. Ba zan bari ta sake kwana da takwas ba, in dai ina zaune a kujerar nan.

Laraba ta biyu, ƙarfe shida na yamma

Tana numfashi.

Alhamis ta biyu, ƙarfe tara na safe

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, domin ba na son wani ya riga ni ba da labarin.

Jiya bayan azahar aka wanke mata ciwon. Wankin yana da zafi, ta danna sau uku ana yi, bayan an gama barci ya ɗauke ta. Madannin ya zame daga hannunta ya faɗo kan bargo. Ina zaune ina kallonta, sai na ga goshin ya sake haɗewa, ta yi wani ɗan nishi. Na ce a raina ciwon ne ya biyo ta cikin barci, yanzu zai tashe ta. Kwana takwas na bar yarinyar nan da shi. Fitilar ta kama kore. Na ɗauka na danna.

Goshin ya saki. Da fitilar ta sake kamawa na sake dannawa, don kada ya dawo. Na tuna Sista ta ce na'urar tana kulle kanta, ba a iya wuce ƙa'ida. Ɗayar maganar da ta faɗa sau biyu, ita ma na tuna, amma na ɗauka don masu wasa da abin aka yi ta, ba don uwa ba. Haka na yi ta yi, ina jan carbi da hannu ɗaya. Ta fara minshari. Na ce madalla, rabon ta da barci irin wannan tun kafin mu zo.

Tsohuwar taga ce ta ce, ba da muryar wasa ba, "Hedimasta, numfashin 'yarki ya yi nisa da juna."

Na duba. Ta ja ɗaya, na jira na biyun, na jira. Leɓɓanta sun yi toka. Na kira sunanta, na jijjiga kafaɗarta, kan ya faɗi gefe. Tsohuwar ce ta ja ƙararrawa, ni hannuna ya ƙi.

Sista ta shigo da gudu, ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Ta ɗaga fatar idon, ta dubi agogo tana ƙirga numfashi, ta ce shida kacal a minti ɗaya. Ta kashe na'urar, ta sa mata abin iska a fuska, wata ta kira likita. Suka zuƙo wata allura da ke karya ƙarfin mofin, suka tura a jijiya kaɗan-kaɗan. Ba a yi minti biyu ba Auta ta buɗe ido, ta ja iska kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Allurar ba barcin kaɗai take korewa ba, har da sauƙin. Ciwon duka ya dawo mata lokaci ɗaya. Ta yi ƙara. Tun tana shekara huɗu ban ji muryarta ta kai haka ba.

Da abin ya lafa, Sista ta danna wasu wurare a jikin akwatin, ashe yana rubuta komai. Ta karanta wa likita: sau goma sha ɗaya tsakanin ƙarfe biyu da uku da kwata. Likitan ya tambayi Auta ko ta tuna. Auta ta dube ni. Madannin yana kan cinyata, na rufe shi da gefen mayafi, ban san sanda na yi haka ba. Ta gani.

Ta ce, "Ni na danna."

Likitan ya ce to in haka ne jikinta ba ya ɗaukar maganin yadda ya kamata, domin wanda ke dannawa da kansa barci kan ɗauke shi tun kafin ya kai nan. Ya ce za a cire na'urar gaba ɗaya, a rubuta a fayil ɗinta a kiyaye ba ta mofin, a yi haƙuri da ƙananan magunguna. Gobe kuma akwai wankin ciwo, jibi ma haka. Ya zaro biro.

Na ga yarinyar nan ta ji, ta fahimta, ta gyaɗa kai. Ta yarda a wanke mata buɗaɗɗen ciki ba magani, don kada a ce uwarta ta yi kuskure a gaban mutane. Ni na koya mata wannan. Ba wanda ya taya ni.

Na miƙe na ɗora madannin a kan gado. Na ce, "Likita, ajiye biron. Ƙarya take yi. Barci take, ni ce na danna, duka goma sha ɗayan."

Sista ta cire tabarau ta goge. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mama, ba minti biyar ɗin ne ke tsare ta ba. Barcin ne. In maganin ya fara yawa sai ta yi barci, mai barci kuwa ba ya dannawa. Ke kika zama hannun da ba ya barci."

An mayar mata da na'urar da yamma, suna duba ta kowane rabin awa. Ni kuma an ce kada in ƙara zama a gefen gadon muddin akwatin yana nan. Mijinta ne zai zauna. Ban yi musu ba. Da ni ce Sista, da ko ƙofar ɗakin ban bari na leƙa ba.

Juma'a ta biyu, ƙarfe sha biyu na rana

Ina kan benci a baranda. Daga nan ana ganin ƙafar gadonta in an buɗe ƙofa.

Asabar ta biyu, ƙarfe huɗu na yamma

Benci. Mijinta yana fitowa yana kawo mini labari kamar mai karanta labarai: ta ce shida kafin wanki, uku bayan wanki, ta taka zuwa taga ta dawo. Yaron kirki ne, na sha raina shi saboda sanyinsa. Yau ya fito da kofin shayi ya ce ita ta ce a kawo mini, ta san ban karya ba.

Tsohuwar taga an sallame ta. Jikanta na tura ta a keke ta sa ya tsaya a gabana. Ta ce Hedimasta, an kore ki daga aji ke nan. Na ce an kore ni, Inna. Na ce mata na gode. Ta ce in riƙe godiyata, ita dai ta ƙi jinin minshari ne. Ta matse mini hannu har ya yi zafi.

Litinin ta uku, ƙarfe sha ɗaya na safe

An cire akwatin, wannan karon don ta daina bukatarsa. An koma ƙwayoyi, za a riƙa rage su kwana-kwana. An ce in shigo. Na shiga na zauna, na ce yaya jiki. Ta buɗe baki, na ga kalmar da za ta fito, na ce ba ita nake tambaya ba. Ta ce ɗinkin yana ja in ta miƙe, bayanta ya gaji da katifar, kuma abincin da nake aikowa gishiri ya yi yawa. Na ce gishirin daidai yake.

Laraba ta uku, bayan la'asar

Yau ta tambayi mijinta ina ya kai ƙaramin gadon. Ya dube ni. Na ce ni na ce a ɗauke. Ta ce ba ta ce a ɗauke ba, ko ganinsa da zanin da ta ɗinka masa ba ta yi ba. Sai ta fara kuka. Kwana goma sha takwas ke nan, yau ne na farko.

Ta yi ta yi har aka kawo abincin yamma aka mayar. Maganar a yi haƙuri tana bakina, wadda nake faɗa wa kowa a irin wannan lokaci. Na ja labule, na riƙe mata filon a ciki saboda ɗinkin, ban faɗa ba.

Asabar ta uku, ƙarfe biyu na rana

An sallame mu. Gidana za ta zauna har ta yi ƙarfi. Sista ta ba ta ƙwayoyin kwana biyar da takardar yadda za ta rage su, a hannunta ta sa, ba a nawa ba. Na lura. Daidai ta yi.

Yayansu ya zo ɗaukar kaya. Da ya ga kwalin ƙwayoyin ya kau da kai, ya ce mini a hankali kada a bar shi a inda idonsa zai kai in ya shigo gaishe ni. Shekara huɗu, amma ya ce har yanzu ya san launinsu. Ban yi masa wa'azi ba. Na ce na ji, za a sa a akwati, makullin yana wuyan Auta.

Lahadi ta huɗu, bayan azahar

Na tara su duka a falo, 'ya'ya da surukai da jikokin da suka isa fahimta. Auta a kan doguwar kujera da filo. Na ce a kashe talabijin. Na gaya musu abin da na yi a asibiti, na farkon da na biyun, ban rage komai ba, don kada wani ya ji a waje ya zo yana raɗe-raɗi. Babbar 'yata ta fara cewa ai Mama niyya ce, na ce ban ba ta izinin magana ba.

Sannan na kafa dokar. Daga yau a gidan nan, wanda ke ciwo shi zai faɗa da bakinsa, ya faɗi inda yake da yadda ya kai, kuma ba mai amsa masa, ko uwarsa ce, ko mijinta ne. Wanda ya ɓoye ciwo don ya faranta mini, ni da shi ne. Maganin da likita ya ba mutum nasa ne, ba mai hana shi, ba mai ƙara masa, ba mai sa hannu a kai ko da tausayi zai kashe shi. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya kira mai aikin. Na ce dokar ta fara daga kaina, kuma duk wanda ya ga hannuna ya nufi maganin wani, ko jikana ne ɗan shekara biyar, ya buge hannun.